Garwa Da Jakar Goyo: Yadda Mai Ƙaramin Guzuri Zai Zaga Arewacin Kamaru

Bahaushe bai taɓa jin tsoron hanya ba. Kakanninmu sun kai jakai Gwanja neman goro, almajirai sun yi gabas da allo da buzu, alhazai sun ratsa Chadi da Sudan a ƙasa shekara da shekaru kafin su ga Bahar Maliya. Amma kowace tafiya a cikin waɗannan tana da abin da ya tashe ta: ciniki, karatu, ibada, cin rani. Mutum ya ɗauki jaka ya ƙetare iyaka don kawai ya ga yadda wasu ke zaune, wannan har yanzu mun bar wa masu hali, su da Dubai da Alƙahira. A ganina ba a bukatar wannan halin. Malamin makaranta mai hutun mako biyu, ko ɗalibin da ya gama jarrabawa, ko ɗan kasuwar da kasuwa ta yi masa sanyi, zai iya fita ƙasar waje da jakar goyo guda ɗaya, kuma wuri mafi sauƙi da zai fara shi ne Garwa, babban birnin Jihar Arewa ta Kamaru, a bakin kogin Binuwai. A allon hanya za ka ga an rubuta Garoua, don haka ka saba da rubutun Faransanci tun daga nan.

Kada kowa ya ruɗe ka da maganar canji. Tun da aka saki naira ta nemi farashinta a 2023, sefa ta yi mata nisa, har a 2024 jaka ɗaya ta sefa, wato sefa dubu, ta haura naira dubu biyu. Kwanon shinkafa a Garwa ba zai fi na Yola araha ba. Arahar tafiyar nan a wani wurin take. Ba ka sayen tikitin jirgin sama. Idan ɗan Najeriya ne kai, ba ka biyan kuɗin biza. Ba ka neman tafinta, ba ka neman gidan abinci na musamman don tsoron abin da aka yanka, domin tuwon da ake ci a can da naman da ake gasawa irin na gidanku ne. Waɗannan su ne manyan ramukan da kuɗin matafiyi ke zurarewa a wasu ƙasashe, a nan kuwa a toshe suke. Abin da ya rage sai mota, ɗaki da ciki, kuma duka ukun suna hannunka.

Dalilin wannan sabo yana cikin tarihi. Lokacin da Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu a farkon ƙarni na 19, ƙasar da aka kafa, Fombina, ba ta tsaya inda iyakar yau ta tsaya ba. Garwa da Marwa da Ngaundare da Rai Buba duk lamidai ne da ke kallon Yola a lokacin. Turawa ne suka yanka ta. Ingilishi suka ci Yola a 1901, Lamido Zubairu ya gudu gabas, Jamusawa suka karya shi a Garwa a ƙarshen wannan shekarar, suka sake karya shi a Marwa a farkon 1902. A Yunin 1915 sojojin Ingila da Faransa suka ƙwace Garwa daga hannun Jamus, garin ya faɗa rabon Faransa. Mubi kuwa, wadda ita ma ta taɓa zama ƙarƙashin Jamus, sai ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ta tabbatar da ita a Najeriya. To abin sha'awar tafiyar ke nan: za ka ga mutane ɗaya, masu rawani ɗaya da sallama ɗaya, waɗanda shekaru fiye da ɗari na wani mulki daban suka koya musu burodi mai tsawo, jandarma, da hutun tsakar rana. Ka ga gidanku da an bi da shi ta wata hanya.

Fara da takardu. Kamaru ba ta cikin ƙungiyar ECOWAS, tana cikin ta ƙasashen tsakiyar Afirka, saboda haka takardar tafiye-tafiyen ECOWAS ba ta aiki a can. Fasfo na ainihi za ka riƙe, wanda bai kusa ƙarewa ba. Akwai yarjejeniya tsakanin ƙasashen biyu da ta ba ɗan Najeriya damar shiga ba biza har kwana 90. Mutumin Maradi ko Damagaram lamarinsa daban ne, sai ya nemi biza, kuma tun 2023 ta intanet ake cike takardar neman ta. Sai katin rigakafin ciwon shawara, mai ruwan ɗorawa, wanda ake bayarwa a ofishin lafiya na filin jirgin sama da wasu cibiyoyin gwamnati. Ka yi allurar aƙalla kwana goma kafin ka tashi, don sai bayan kwana goma katin ke fara aiki. Ka yi allurar da gaske, kada ka sayi kati a bakin tasha; sauron da ke ɗauke da cutar ba ya duba hatimi.

A bakin iyaka za ka ga mutanen yankin suna wucewa ba wanda ya buga musu komai, wani ma direba zai ce maka, "Alhaji, bar wannan wahalar, mu wuce." Kada ka yarda. Su kasuwa za su ci su dawo kafin magariba. Kai za ka yi nisa, kuma a shingen farko da ke bayan gari jandarma zai buɗe fasfo ya nemi hatimin shiga. Idan babu, abin da ka yi tattali a iyaka za ka biya ninkinsa a daji. Tsaya a ofishin shige da fice na Najeriya a buga maka na fita, ka tsaya a na Kamaru a buga maka na shiga, ka duba kwanan wata da idonka. Ka ɗauki hoton shafin fasfo da na hatimin a wayarka, ka kuma yi kwafi biyu a takarda.

Kuɗi. Sefar Kamaru ta bankin tsakiyar Afirka ce, BEAC, ta Nijar kuwa ta bankin yammacin Afirka ce, BCEAO. Darajarsu ɗaya, duka an ɗaure su da yuro, sefa 655.957 a kan yuro ɗaya, amma takardun daban ne, kuma mai tebur a Garwa ba zai karɓi ta Maradi ba. Idan ka je wurin 'yan canji a Wapa ko Jimeta ko Mubi, ka ce ta Kamaru kake so, ka duba sunan bankin a jiki. Yawanci canji ya fi daɗi a garuruwan kan iyaka, inda sefa ke shige da fice kullum, fiye da cikin ƙasa. Ka nace a ba ka ƙananan takardu, 'yan ɗari biyar da 'yan jaka ɗaya da jaka biyu. Ƙarancin canji tsohon ciwo ne a Kamaru. Ka miƙa wa mai acaɓa takardar jaka goma da safe ka ga yadda zai kalle ka. Silallan da aka ba ka kuwa ka adana su, suna da aiki a can, ba kamar namu da suka ɓace ba. Raba kuɗinka gida uku: na yau a aljihu, na mako a cikin jaka, na komawa gida a wurin da kai kaɗai ka sani, kuma wannan na ukun ba ka taɓa shi ko da me ya burge ka a kasuwa. Da ka isa Garwa, je ofishin MTN ko Orange da fasfonka ka yi rajistar layi, ka zuba wani abu a asusun wayar, domin ana biyan abubuwa da yawa ta nan. Layin gida idan ka bar shi yana yawo a ƙasar waje zai cinye maka kuɗin kwana biyu a kira ɗaya.

Lokacin tafiya ba shi da gardama: daga tsakiyar Nuwamba zuwa Fabrairu. Garwa a kwari take, a ƙasan kogi, kuma daga Maris zuwa saukar ruwa zafinta na wuce digiri 40, irin wanda Basakkwace ma zai yi shiru. A hunturu dare na da sanyi, ɗaki mai fanka ya ishe ka, ka huta da biyan kuɗin na'urar sanyaya ɗaki, wanda shi ne ke ninka farashin masauki. Damina tana da kyan gani, duwatsu sun yi kore, kogi ya cika, amma hanyoyin kan iyaka na lalacewa, gandun daji a rufe, sauro ya yi yawa.

Daga Kano hanyar ita ce Gombe, Numan, Jimeta. Kwana a Jimeta, ka yi tambaya a tasha, don direbobi sun fi kowace taswira sanin wace hanya ce ke da lafiya a makon. Akwai wadda ke bi ta Belel ta shiga Demsa da Gashiga ta faɗa Garwa, ita ce mai kai tsaye. Akwai ta Mubi, a ƙetare a Sahuda a shiga Bukula, a gangaro Gidar, sannan a kama babbar kwalta zuwa kudu. Akwai ta Gurin, inda ake haye kogin Faro. Idan ruwa ya cika, jiragen ruwa na kaya suna bin Binuwai tsakanin Yola da Garwa, kuma masu son labari kan zaɓe su, amma ana loda musu fiye da ƙima, rigar ruwa kuma ba kowa ke da ita ba. Ban ba baƙo shawarar su ba. Kowace ka zaɓa, ka fita da asuba ka isa iyaka rana na sama. Wani yankin hanyar ba kwalta, wani wurin sai a babur. Mashigun can arewa ta Borno, Banki da Gamboru, ba na mai yawon buɗe ido ba ne.

Wannan hawa babur shi ne dalilin da ya sa jaka ta fi akwati. Kada nauyinta ya wuce abin da za ka goya ka yi tafiyar rabin awa. Kaya kala uku masu sauƙin wanki, riga ɗaya mai kyau saboda Juma'a da gaisuwar fada, rigar sanyi saboda Ngaundare, rawani ko gyale saboda ƙura, gidan sauro da igiya, ƙaramin kwaɗo, tocila, batirin ajiyar caji, sabulu, man shafawa, gishirin gudawa da maganin zazzaɓin cizon sauro da likita ya rubuta maka. Abu ɗaya da kusan kowa ke mantawa: soket ɗin Kamaru irin na Faransa ne, mai rami biyu zagayayyu, cajarka mai ƙafa uku ba za ta shiga ba. Sayi mahaɗi tun daga gida. Agogo kuwa ba sai ka taɓa shi ba, lokacinsu da namu ɗaya ne.

A Garwa masauki mataki-mataki ne. Manyan otal-otal, waɗanda aka gina ko aka gyara saboda gasar ƙwallon ƙafa ta kofin Afirka, ka wuce su. Naka shi ne wanda suke kira auberge, ƙaramin gidan kwana mai 'yan ɗakuna. Ka isa da rana, ka ce a nuna maka ɗakin kafin ka biya, ka buɗe famfo, ka kunna fanka, ka gwada sakata. Ka dubi ko akwai mashaya a harabar, don wasu daga cikinsu ba don matafiya aka buɗe su ba, kuma ba za ka runtsa ba. Unguwar Yelwa, duk da sunanta na Hausa, nan ne wurin kiɗa da kwalba da dare. Mai son barci ya nemi wani gefen. Za a ba ka takarda ka cike da sunanka da lambar fasfo, doka ce, ba tuhuma ba. Idan za ka yi kwana uku ko fiye, nemi ragi tun ranar farko.

Akwai kuma tsohuwar hanyar fatake, wato mai masauki. Garwa tana da unguwar Hausawa, Hausare, kusa da Fulɓere ta Fulani, kuma da wuya Bakano ko Bakatsine ya bincika a kasuwarsu bai samu wanda ke da ɗan'uwa ko abokin ciniki a can ba. Idan aka haɗa ka da wani, ka je da tsaraba, ka faɗi ranar tafiyarka tun ranar zuwanka, ka sa hannu a cefane ba tare da an tambaye ka ba. Kada ka mai da karamcin mutane dabarar tattali. Amfanin mai masauki ya wuce ɗaki: shi zai gaya maka farashin gaskiya, shi zai ce kada ka bi hanya kaza gobe.

Cikin gari acaɓa ce sarauniya, wadda suke kira clando. Shekaru da yawa da fetur ɗin Najeriya da ake shigarwa a jarkoki take tafiya, suna ce masa zoua-zoua, kuma da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin hawa ya tashi a nan ma. Yi ciniki kafin ka ɗora ƙafa. Harshen titi Fulatanci ne, na ofis Faransanci, Hausa kuma za ta kai ka kasuwa da masallaci da tasha. Ko da haka, ka koyi 'yan kalmomi. Sannu ɗaya ce da tamu. Jam na? shi ne lafiya, a amsa da jam. Noy? nawa ne. Useko, na gode. Ka koyi ƙirga na Faransanci zuwa dubu, ko ka miƙa wa mai kaya wayarka ya rubuta farashin. Turanci ba zai yi maka aiki sosai ba a arewa.

Safiyar farko ka tafi bakin kogi, wajen babbar gada. Can za ka ga masu wanki sun shanya kaya a yashi, masu kwale-kwale, masu ɗiban yashi, masu lambu, sa'a kuma ta sa ka ga dorina ta ɗago kai. Daga nesa za ka kalle ta. Dabba ce mai kisa, ko da wani ya ce maka ta saba da mutane. Kusa da nan tsohuwar tashar jiragen ruwa take, inda a zamanin Turawa jirage ke hawowa daga bakin teku a Najeriya a 'yan makonnin cikar ruwa su kwashi auduga da gyaɗa. Yau tashar ta yi shiru. Audugar dai tana nan, kamfanin SODECOTON, wanda aka kafa a 1974, a Garwa hedikwatarsa take, kuma a rani za ka riƙa cin karo da manyan motocinsa a hanya. Ruwan nan da kake kallo shi ne zai wuce Yola da Makurɗi ya sadu da Kwara a Lakwaja.

Ciki kuwa a kasuwa za ka cika shi. Da safe teburin mai shayi, da dogon burodin Faransa da ƙwai, ko kunun gyaɗa da ƙosai da fanke. Da rana tuwon dawa ko na masara, ñiiri a bakinsu, da miyar yakuwa, wadda suke ce wa folere, ko kuka ko kuɓewa. Da yamma nama, tsire da balangu da kilishi. Amma abin da ya kamata ka ware wa kuɗi shi ne kifi: giwan ruwa da karfasa daga Binuwai da tafkin Lagdo, a gasa a gawayi a ba ka da yaji da albasa. Kindirmo kuma, kossam, yana ko'ina. Ka ci inda ka ga mutanen gari sun yi layi, abinci na fitowa da zafi. Ruwan sha na leda ko na gora wanda ba a buɗe ba.

Mai son ƙwallo ba sai an gaya masa Roumdé Adjia ba. A wannan filin ne Super Eagles suka yi wasanninsu na kofin Afirka a Janairun 2022, suka ci Masar da ƙwallon Iheanacho, suka ci Sudan da Guinea-Bissau, sannan Tunisiya ta kore su da ci ɗaya. Ƙungiyar garin, Coton Sport, ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka a 2008, Al Ahly ta doke ta. Idan ka dace suna wasa a gida, kallo ne mai araha. Issa Hayatou, wanda ya riƙe hukumar ƙwallon Afirka daga 1988 zuwa 2017, ɗan gidan sarautar Garwa ne. Ahmadu Ahidjo, shugaban Kamaru na farko, a nan aka haife shi a 1924. Shi ya sa garin ya samu filin jirgin sama na ƙasa da ƙasa da faffaɗan tituna da suka fi ƙarfinsa a lokacin. Ya sauka a 1982, ya rasu a Dakar a 1989, kabarinsa na can har yau. Dattawa za su yi maka maganarsa idan sun sake da kai. Ka saurara, kada ka ɗora naka sharhin. Siyasar Kamaru ba irin ta majalisar mai shayi a Kano ba ce da kowa ke zagin wanda ya ga dama.

Tsara tafiyarka yadda Lahadi za ta same ka a Garwa, saboda kasuwar Pitowa, kilomita kamar 15 a hanyar arewa. Kasuwar ƙauye ce mai girma, inda 'yan ƙabilar Fali na kan dutsen Tingilin da Bororo da manoman kwari ke haɗuwa, da tukwane da ƙorai da dabbobi da hatsi da magungunan gargajiya. Ba kuɗin shiga, ba ɗan jagora, kuɗin mota kawai. Ka nemi izini kafin ka ɗaga waya a fuskar kowa, musamman mata.

Gaba a wannan hanyar akwai Gidar, kuma 'yan kilomitoci daga garin akwai kwazazzabon Kola, inda kogin Mayo Luti ya sassaƙe baƙin dutse ya yi masa lunguna masu zurfi da santsi. Da rani kaɗai ake shiga, a taka yashin da ke ƙasan, bango ya fi ka tsawo nesa ba kusa ba ta kowane gefe. Samarin wurin za su raka ka, ku daidaita abin da za ka ba su tun a baki. A yankin Figil, garin siminti da farin dutse, akwai Bidzar, inda mutanen da can suka yi zane-zane a kan shimfiɗaɗɗun duwatsu. Idan lokaci ya ƙure, Kola ta fi.

Kudu kuma Lagdo, kimanin kilomita 50. Duk ɗan Najeriya ya san sunan daga labaran ambaliyar 2012 da 2022, lokacin da aka buɗe ƙofofin madatsar ruwa ya bi ta Adamawa da Binuwai da Kogi. Zuwa ka tsaya a gabanta wani abu ne. 'Yan Sin suka gina ta, aka gama a 1982, ita ke ba arewacin Kamaru lantarki, shi ya sa idan ruwa ya ja baya a ƙarshen rani ake yawan ɗauke wuta a Garwa. Tafkin ya tara masunta daga ko'ina, har da Hausawa, ana banda kifi a bakin ruwa. Za ka iya haɗa kuɗi da wasu ku ɗauki kwale-kwale zuwa tsibirin remaye. Kada ka yi wanka a ciki saboda tsargiya, kada kuma ka ɗauki hoton madatsar kanta ba izini.

Yanzu ga inda guzuri ke mutuwa: gandun daji. Jihar Arewa tana da uku manya, na Binuwai, na Faro da na Buba Njidda, kuma Garwa ce ke da makarantar horar da ma'aikatan namun daji da aka buɗe a 1970, wadda ɗalibai ke zuwa daga ƙasashen Afirka masu Faransanci. Kuɗin shiga ba shi ne matsalar ba. Matsalar ita ce ba motar haya da ke shiga, sai ka yi shatar mota mai ƙarfi da direba da mai, ka biya ɗan jagora, ka kwana a sansani. Mutum ɗaya zai kashe a kwana biyu abin da zai ishe shi mako a gari. Idan kun kai huɗu ko biyar, ku raba, ku zaɓi gandun Binuwai, shi ne mafi kusa da babbar hanyar Ngaundare, ku sauka a sansanin Buffle Noir. Ku je tsakanin Janairu da Maris, lokacin da ciyawa ta kwanta dabbobi suka taru a bakin ruwa. Dorina da kada da gwaggon biri da ire-iren barewa kusan tabbas ne, ɓauna da raƙumin dawa sai sa'a, zaki kuwa kada ka sa rai. Farauta da haƙar zinariya da shigar shanu sun rage dabbobin ƙwarai, kuma a 2012 mahara a kan dawakai sun kashe ɗaruruwan giwaye a Buba Njidda. Idan kai kaɗai ne, shawarata ka bar gandun, ba ka yi asarar tafiyar ba.

Rai Buba ma haka take, da nisa da wuyar hanya, amma ga mai son tarihin sarauta babu kamarta a yankin. Buba Njidda ya kafa ta a farkon ƙarni na 19, fadar tana cikin doguwar ganuwar ƙasa, Lamidon, wanda talakawansa ke kira Baba, yana da iko da dogarai irin wanda sarakunan wasu wurare suka daɗe da rasawa. Ba a faɗa wa garin kai tsaye. A nemi wanda zai yi maka iso, ka bi abin da dogari ya ce, ka cire takalmi inda aka cire. Karkarar gabashin jihar ta sha fama da masu satar mutane don kuɗin fansa, saboda haka ba dare, ba ratse.

Abin da ke cikin ikon kowane aljihu shi ne Ngaundare, kusan kilomita 280 kudu da Garwa. Kamfanonin bas irin su Touristique Express kowanne da tasharsa. Ka je da fasfo a rubuta sunanka a tikiti, ka ɗauki motar farko ta safe. Hanyar tana da ramuka, ka ba ta yini. Kusa da ƙarshe mota za ta kama hawan dutse mai lanƙwasa, ka bar zafin kwari ka hau tudun Adamawa, sama da mita 1,000, iska ta canza, ga shanu ga ciyawa ga zuma a bakin hanya. Yi ƙoƙari ka kwana biyu har da Juma'a, ka ga fitowar Lamido zuwa masallaci da algaita da dogarai. Fadar tana karɓar baƙi, zaurukanta na ciyawa da ginshiƙan ƙasa masu zane sun cancanci ɗan abin da za ka bayar. Hau dutsen da ke kan garin da sassafe, ɗauki babur zuwa tafkin Tison ko magangarar ruwan Vina. A nan ne layin dogo ya tsaya tun 1974, kuma jirgin Camrail na tashi da yamma ya kwana yana tafiya ya wayi gari a Yawunde. Idan guzuri ya kai, gado a ɗaki mai mutum huɗu ya haɗa maka kuɗin mota da na masauki a tikiti ɗaya, ka sauka ka nemi unguwar Briqueterie inda Hausawa suke.

Marwa, kilomita 200 da 'yan kai arewa da Garwa, gari ne mai inuwar dalbejiya da kasuwar dukawa da masaƙa. Ana zuwa, motoci na tafiya kullum. Amma abin da ke bayanta, duwatsun Rumsiki ta hanyar Mokolo da gandun Waza, waɗanda a da su ne ke jawo Turawa, rikicin Boko Haram ya taɓa su tun daga sace wasu Faransawa 'yan gida ɗaya a yankin Waza a 2013. Sai mutanen Marwa da kansu sun ce maka hanya ta yi kyau, kuma ka ji daga baki fiye da ɗaya.

Shingayen jandarma da 'yan sanda suna da yawa, kuma fasfon Najeriya kan sa a ƙara dubawa. Gaishe su, miƙa takardu, yi shiru. Idan takardunka sun cika, haƙuri na minti goma yakan fi saurin sa hannu a aljihu. Idan an ce ka yi laifi, nemi rasit cikin ladabi. Kada ka ɗauki hoton soja, gada mai masu gadi, ofishin gwamna ko filin jirgi, wanda sansanin mayaƙan sama ke jikinsa. Kada ka karɓi saƙon da ba ka buɗe ba don ka kai wa wani a ƙetare. Mata su tafi su biyu ko uku, shigar gida ta wadatar, kuma sauka a gidan mutane ya fi musu auberge.

Ranar komawa ka bar Garwa da sassafe kamar yadda ka zo, ka tabbata an buga maka hatimin fita, in ba haka ba zuwanka na gaba zai zo da tambayoyi. Sefar da ta rage ka canza ta a kan iyaka, ban da silalla, su ba mai karɓa, ka kashe su a kilishi da zuma. Tsarabar da ta yi kama da kayan sayarwa, kamar atamfa turmi goma, kwastan za su ɗauke ta a matsayin fatauci su nemi haƙƙinsu, don haka turmi biyu ko uku ya isa.